Ina Wakafin Attajiran Zuru Ga Ilimin Sinadarai?

A 1946 wani attajiri, Camille Dreyfus, ya kafa gidauniya a birnin New York na Amurka don tallafa wa malamai da masu bincike a ilimin sinadarai. Ya mutu tun 1956, amma har yau dukiyarsa tana aiki.

Ai wannan shi ne wakafi, wanda Musulmi suka sani tun zamanin Sahabbai. To me ya sa aka bar wa wasu?

Rashin wannan ilimi kisa yake yi. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a Zamfara, maƙwabciyar ƙasar Zuru, saboda ana niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa.

Zuru ta samu Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020. Amma wa zai auna ruwan rijiya da waken rumbu in ba a ɗauki nauyin ɗalibai ba? Attajirin da ke Umura duk shekara ya fasa tafiya ɗaya, ya saya wa makarantar sakandare kayan gwaji. Wannan ma sadaka ce mai gudana. Allah Ya sa a ji.