Sharhi: Ɗan manomi ma ɗan lakwal ne

A ƙasarmu ta Nijar ma'aikacin da ke da rajista a asusun CNSS yana karɓar kuɗin iyali, jika guda, wato sefa 1,000, a kan kowane yaro duk wata. Idan yaron yana karatu, ana ci gaba da biya har ya kai shekara 21, muddin uban ya kai shaidar makaranta. Jika guda a wata ba ta kai dala bakwai a rana ba, ko kokon safe da ƙyar. Duk da haka wani abu ne, kuma mai karɓa ya san amfaninsa ranar sayen kaye da bik.

To wa ke karɓa? Mai takardar albashi. A nan Arewa mutum nawa ne ke da takardar albashi? Manomin Matankari ba shi da ita. Mai wake a Dankasari ba shi da ita, haka mai kiwo a Kore Mairuwa, haka matar da mijinta ya tafi cin rani ya bar ta da yara biyar. Yaransu a aji ɗaya suke da na ma'aikata, jarrabawar BEPC ɗaya za su zauna, takardar albashi ce kaɗai ta raba su.

Ku dubi watan Oktoba. Lakwal na buɗewa daidai lokacin da gero ya shigo kasuwa ya faɗi. Uba ya sayar da araha, ya tura yaro kwaleji a Dogon Dutsi ko Tibiri, sai kuma neman mai masauki. Wannan batu na masauki yana ci mini rai, musamman ga 'yan mata. Yarinya ta bar ƙauye, ta zauna gidan da su ma tukunyarsu ba ta isa ba, ta kama ɗebo ruwa da daka, ta shiga aji da yunwa. Kafin damina uban ya ce ta dawo gida. A Disamban 2017 an sa hannu kan dokar kare karatun 'ya mace, amma doka ba ta auna wa mai masauki tiyar gero.

Don Allah masu tsara waɗannan al'amura, shaidar makaranta ta isa hujja. Darakta ya san ɗalibansa da sunansu da ƙauyensu. A biya a kan yaron da ke zaune a aji, a damƙa kuɗin hannun uwarsa, a daina tambayar manomi takardar albashi.