A Riƙa Sa Wa Tsohuwarmu Giris

Land Rover ɗin makarantarmu ƙirar Series III ce, wadda aka daina yi tun 1985. Wasu na cewa a sayar da ita. Mu dai muna ganin rashin kula ne ke damunta.

Ku leƙa ƙarƙashinta. Farfela biyu gare ta, ɗaya na kai ƙarfin injin ƙafafun gaba, ɗaya na baya. Kowace tana da gaɓoɓi biyu da wurin da take zamewa, wato wurare 6 ke nan masu son giris. Da damina, in ta ratsa rafi, ruwa ya wanke giris ɗin, yashi ya shiga. Sai a fara jin ƙaras-ƙaras, daga nan jijjiga, wata rana farfela ta yanke a daji, wataƙila da marar lafiya a ciki.

Kuɗin gwangwanin giris nawa ne? Muna roƙon hukumar makaranta ta ware safiyar Asabar ɗaya kowane wata, direba ya koya wa 'yan aji biyar wannan aiki, su duba baƙin mai da ruwan lagireto, a kuma rubuta ranar a littafi.