Hoton amarya yana hannun kowa, ban da gidansu

A Damagaram yau, daga Birni zuwa Zango da Sabon Gari, har garuruwa irin su Mirriya da Damagaram Takaya, da wuya a yi biki ba a kira mai hoto ba. Tun ranar sa lalle yake cikin gida. Yana nan wurin wankan amarya, yana nan sa'ad da ƙawaye suka fito da anko, shi ne kuma a bakin ɗaki ranar buɗar kai. Inda ƙanen uban amarya ba ya shiga sai da sallama, nan saurayi baƙo yake kutsawa da kyamara a wuya, har yana cewa, "Hajiya, ɗan gyara gyalen." Amana ce babba muka danƙa masa, ba mu kuwa taɓa zama mun yi sharaɗi a kanta ba.

Ba mugunta ce ta ɓata lamarin ba, ciniki ne ya sauya. A zamanin fim, hoto 36 ne a naɗi ɗaya, kowane da kuɗinsa. Mai hoto ya kai wanki, ya dawo da ambulan, a zaɓa a biya. Ribarsa tana cikin wankin. Waya ta karya wannan kasuwa, don kowace ƙawa da kyamararta a jaka. Yanzu sai an sallami mai kiɗa, mai abinci da mai kujeru sannan a tuna da shi, a ba shi kafin alƙalami, cikon kuwa sai ya yi ta sintiri. Ga kuɗin kyamara, ga batir, ga man babur. Shi ma sai ya nemi ladarsa ta wata ƙofa: fuskar amarya ta zama allon tallarsa. Kafin a kai ta ɗakinta, bidiyonta yana yawo a TikTok da Facebook, da sunansa da lambar wayarsa a jiki.

Nan ne hankalina ya fi tashi. Aure kan mutu, mun sani, amma hoton da ya shiga intanet ba ya karɓar saki. Mace ta gama idda, wani ya fito nemanta, sai dangin miji su ci karo da ita tana rawa da tsohon mijinta. Ga kuma manhajojin da ke ɗora fuskar mutum a kan jikin da ba nasa ba, kowane yaro na iya sauke su. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, amma wane uba ne zai kai hoton ƴarsa gaban alƙali? Sai a haɗiye, a ce a rufa asiri.

Gidan kuma ba shi da komai. Ana ɗaukar hotuna ɗaruruwa, ba a wanke ko goma. Mai hoto ya tura ta WhatsApp, ya share katinsa don bikin Asabar mai zuwa. Wayar amarya ta faɗa ruwa, ko a zare ta a cunkoson Kasuwar Dole, shi ke nan. A ɗakunan iyayenmu har yanzu akwai albam a ƙasan akwati: gefen hoton ya yi ja, amma kana ganin kitson lokacin, da jeren kwanoni, da kakar da ta riga mu gidan gaskiya. Mai hoto Malick Sidibé na Bamako ya adana fina-finansa a kwalaye, su ne suka kai shi ga babbar lambar yabo ta Venis a 2007. Mai hoto Philippe Koudjina ya bar wa Yamai fuskar samarinta na shekarun 1960 da 1970. Damagaram, wadda ita ce babban birnin Nijar har 1926, yawancin hotunanta na wancan zamani Turawan Faransa ne suka ɗauka, suka tafi da su. Yau kyamarar tana hannunmu, muna kuma sharewa da kanmu.

Gyaran yana farawa tun wurin ciniki. A biya mai hoto kuɗinsa cikakke, a faɗa masa gaban shaidu cewa ba zai saka ko hoto ɗaya ba sai amarya ta yarda da bakinta, a kuma sa wankin aƙalla hoto ashirin cikin farashi. Cikin gida kuwa, ranar lalle da wanka, a koya wa ƴan mata sana'ar su riƙe kyamarar.