Baitalami ta Yau da Begen Masu Bi

Ga watan Kirsimati ya kewayo. Za mu tara yara mu karanta musu labarin Baitalami. Amma ko mun tuna cewa garin yana nan har yau, da masu bi a cikinsa?

Baitalami tana kudu da Urushalima, nisan wajen kilomita 10. A watan Yuni 1967 sojan Isra'ila suka ci ƙasar da take ciki, wato Yammacin Kogin Urdun. A Disamba 1995 aka miƙa mulkin cikin gari ga Hukumar Falasɗinawa, amma iko da hanyoyin fita ya zauna a hannun soja. Daga 2002 aka soma gina katanga, wadda tsawonta ya kai mita 8 a gefen garin. Mai son zuwa sujada Urushalima sai ya nemi takardar izini. Saboda ƙunci, gidajen Kirista da yawa sun yi ƙaura zuwa ƙasashen waje.

A 2023, saboda yaƙin Gaza, aka fasa shagalin Kirsimati a garin. Fasto Munther Isaac na ekklisiyar Lutheran ya ɗora siffar jariri Yesu bisa tarin baraguzan gini a cikin majami'a, domin ya nuna Almasihu yana tare da masu shan wuya.

Mu manoman Tofa mun san darajar gonar gado. To, akwai iyalin Nassar, Kirista ne, kakansu ya sayi gona a kan tudu kusa da Baitalami tun 1916. A 1991 hukumar Isra'ila ta ce ƙasar ta gwamnati ce, aka shiga shari'a shekara da shekaru. A 2014 aka tumɓuke musu itatuwa ɗaruruwa gab da lokacin ɗiban 'ya'ya. Suka sāke dasa waɗansu. A bakin gonar sun rubuta a jikin dutse cewa sun ƙi zama magabtan kowa.

Daga ina wannan ƙarfin hali? Mu duba Luka sura 2 da Matiyu sura 2. Umarnin Kaisar na Roma ne ya kai Yusufu da Maryamu Baitalami. Hirudus ya kashe jarirai, iyalin suka gudu Masar. Ashe a ƙarƙashin mulkin baƙi aka haifi Mai Ceto. Allah bai jira duniya ta lafa kafin ya aiko Ɗansa ba. Shi ya sa begen mai bi ba ya jiran sauƙi.

Saboda haka, ranar Kirsimati kowane mai gida ya tara iyalinsa kafin a ci shinkafa, a yi addu'a domin masu bi na Baitalami da Gaza, da maƙwabtansu Musulmi, da Yahudawan da su ma suke makokin nasu. Wanda kuma yake da rigimar iyakar gona da ɗan'uwansa, ya je su shirya kafin shekara ta ƙare.

Ubangiji ya ba Baitalami salama. Amin.