Awara ta cancanci shiga tukunyar gida

A ƙasashen Turai da Amurka, masu ƙaurace wa nama da duk abin da ya fito daga dabba suna da wani abinci da suke ji da shi. Ana marmashe awara, a haɗa da soyayyen naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima, ba tsuntsuwar ba, a dunƙula, a baje shi ya yi faɗi, a soya, a saka a tsakiyar burodi. Bidiyon yadda ake yin sa ya cika YouTube da TikTok, kuma matasanmu na kallo kamar wani sabon abu. Alhali rabin kayan haɗin yana bakin ƙofar kowace makarantar firamare a Kano da Zariya da Maraɗi, cikin roba, da yaji a gefe.

Asalin awarar waken suya daga Sin ne, inda aka daɗe ana cin ta. A Najeriya ta bazu ne bayan da cibiyoyin bincike irin su IITA ta Ibadan suka dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya tun a shekarun 1980. Matan Arewa suka karɓe ta, suka mayar da ita sana'a. Sai dai har yau ba ta wuce matsayin abin taɓa ka lashe ba: kayan yara, ko abin da ake saye da yamma a kashe kwaɗayi. Magidanci da yawa zai ji an raina shi idan aka kawo masa ita a matsayin abincin dare.

A ganinmu wannan raini yana jawo mana asara. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, nama da kifi da ƙwai sun yi wa talaka nisa, har gidaje da dama sun koma cin tuwo da miyar da ba ta ga ko ƙashi ba. Tun kafin wannan tsadar ma, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma abin ya fi muni a Arewa maso Yamma. Busasshen waken suya kuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, kuma a Benuwai da Kaduna ake noma shi, ba sai an jira jirgin ruwa ba.

Abin da wannan girki ke ƙarawa shi ne yana mayar da awara abincin da za a zauna a ci a ƙoshi. Sirrinsa ɗaya ne, raba kayan da ruwa. A naɗe ɗanyar awara a tsumma mai tsabta, a danne da abu mai nauyi na kimanin minti 30, sannan a marmashe ta da hannu. Naman kaza kusan duk jikinsa ruwa ne, don haka a yanka shi ƙanana, a zuba a kasko da ɗan mai kaɗan, a yi ta juyawa har ruwan ya ƙone ya fara yin ja. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ga dunƙulensa ya wargaje a cikin mai. Bayan ya huce a haɗa da awarar, a sa albasa da attaruhu da tafarnuwa da citta da gishiri. Don ya kama jikinsa, cokali biyu ko uku na fulawa ko garin kuli-kuli sun isa awara cikin kofi biyu. Turawa kan zuba ruwan ɗanɗanon waken suya na kwalba. Mu muna da daddawa, wadda ke yin aikin, ta kuma fi araha. A dunƙula kamar faɗin tafin hannu, a bar shi ya ɗan huta, a soya a mai kaɗan, minti huɗu zuwa biyar kowane gefe. Ana ci da burodi da kabeji da tumatir, ko a ɗora a kan shinkafa. Mai yin awararta a gida tana iya zuba ɗan dusar da ta tace a cikin haɗin, maimakon a kwashe duka a ba awaki.

Inda muke so mai karatu ya tsaya ya natsu shi ne batun naman kazan. Da damina ta sauka yana fitowa a bayan gida, a gindin itatuwa, a kan juji. Wasu ana ci, wasu kuma suna kisa, kuma ido ba ya iya raba su cikin sauƙi. Akwai nau'in da gubarsa ke lalata hanta, dafuwa ba ta kashe gubar, kuma amai da gudawa ba sa farawa sai bayan awa shida ko fiye, lokacin da ta riga ta shiga jiki. Maganar cewa wanda ƙwari suka ci ba shi da guba, ko cewa mai guba yana baƙanta cokali, ba gaskiya ba ce. Duk wanda zai yi wannan girki ya sayi wanda aka noma, irin wanda ake rainonsa a kan dusar katako ake kai wa manyan kantuna. Idan bai samu ba, ko kuɗinsa ya fi ƙarfinsa, ya sa gauta ko karas ko dafaffen wake. Ɗanɗanon zai bambanta, amma kowa zai kwana lafiya.

Ba muna kira a daina cin nama ba ne. Al'ummar da ke da tsire da kilishi da layya ba za ta koma cin ganye zalla don ta ga bidiyo ba, kuma akwai sinadarin B12 da awara ba ta bayarwa, sai nama da nono da ƙwai. Maganarmu ta ranakun da babu naman ce, waɗanda yanzu su ne suka fi yawa a mako.

Sauran aikin na hukumomi ne. Noman naman kaza ba ya bukatar gona, ɗaki mai sanyi da duhu da buhunan dusa sun wadatar, sana'a ce da mace za ta yi a cikin gidanta. Ma'aikatun noma na jihohin Arewa da malaman gona su sa shi cikin horon da suke ba ƙungiyoyin mata, su kuma samar da irin shukawa mai tsabta, domin da shi ake farawa. Asibitocin sha ka tafi da ke koya wa iyaye mata haɗa kunun yara su ƙara da wannan girki, a nuna shi a aikace ranar awo.