Ɗan Ba-ruwana Ba Adali Ba Ne

Sau da yawa mai fassara daga Ingilishi kan tarar da kalmomi uku ko huɗu, ya tattara su a kalmar Hausa guda, alhali Hausar ta bambanta su. Wannan sakaci ya fi yawa a kalmomin rashin jituwa da na shiga tsakani. Malamin gobe da ke neman misalin da zai kai aji, ya dubi al'amarin ruwan Kogin Haɗeja.

An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Calawa kuwa a 1992, dukansu a Jihar Kano, a kan kogunan da ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Manufar gina su ita ce noman rani da samar wa birnin Kano ruwan sha. Manufa ke nan, wato abin da aka nufa aka kuma shirya masa. Buri kuwa abin da zuciya ke fata ne, ko da ba a yi masa tanadi ba. Sai dai ambaliyar da kan cika fadama da damina ta janye da rani ta sauya hali. Ruwa ya riƙa kwanciya a wasu wurare shekara cur, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa a yankin Guri da Kiri Kasamma, tsuntsayen jan-baki suka samu mafaka, wasu garuruwan kuma ruwan ya daina isa gare su.

Idan manomin shinkafa yana son a saki ruwa yau, masunci yana son a jinkirta, wannan saɓani ne kawai. In kowa ya kawo hujja ana musayar magana, an shiga jayayya. Sai an tsallake magana an kai ga barazana ko ɗaga sanda, kamar yadda kan faru in gona ta cinye burtali, sannan ake kiran abin rikici. Gaba kuwa ita ce wadda ta kwana, har 'ya'ya suka gada. Mai fassarar da ya kira saɓani rikici ya hura wutar da ba ta kama ba.

Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne ɗaukar ɗan ba-ruwana a matsayin adali. Ɗan ba-ruwana yakan naɗe hannu ya ƙi cewa uffan. Adali kuwa yakan saurari kowa, sannan ya faɗi mai gaskiya, ko da ɗan'uwansa ne ba shi da ita. A sha'anin kogi shiru ma goyon baya ne, domin na sama ya riga ya tare ruwan, na ƙasa jira kawai yake yi. Haka abin yake a aji: malamin da yara biyu suka kawo wa ƙara ya kore su duka don kada a ce ya yi son kai, ya bar ƙaramin ne a hannun babban, su haɗu a hanyar gida.