Linzami kafin ƙaimi: darasi daga filin tseren motoci

Kwanakin baya wani ɗan yayata, saurayi ne da bai daɗe da kama aiki ba, ya zo mini da buƙatar rance. Ya sayi wata mota 'yar Kwatano mai lafiyar inji, yana so a taɓa masa kwamfutar injin domin ƙarin ƙarfi, a sauya salansa, a kuma dusar da motar ƙasa kamar yadda abokansa masu wasan mota na ƙarshen mako suke yi. Ya ce, “Kawu, so nake in na taka ta, ta amsa.” Na ce masa to madalla, amma yaushe rabon da a juye man birkin motar a zuba sabo? Sai ya yi shiru, can ya ce, “Kawu, ashe ana canza shi? Ai na ɗauka ƙarawa ake yi in ya ragu.” Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami a yau, domin kuwa na tabbata ba shi kaɗai ne zai ba da ita ba, har cikin mu da muke ganin mun yi karatu.

Tambayar da na yi masa ba a aji na koye ta ba, fannina nazarin harshe ne. Na koye ta ne a 2013, lokacin da nake karatun digiri na uku a Jamus, daga wani dattijo maƙwabcina da ya yi ritaya daga aikin injiniya. Yana da tsohuwar BMW wadda yake zuwa kasuwa da ita, sannan sau huɗu ko biyar a shekara yakan kai ta filin tsere. Ga mai karatu da bai san al'adar ba, a Turai da Amurka akwai ranakun da ake buɗe filayen tsere ga masu motocin gida, kowa ya biya kuɗi ya shiga ya gwada motarsa da hannunsa. Ba gasa ake yi ba, babu na ɗaya babu na biyu, galibi ma hana ɗaukar lokaci ake yi. Da safe a tara direbobi a karanta masu dokoki da ma'anar tutoci, a duba hular kwano, a auna ƙarar salansa, sannan a riƙa sakin su rukuni-rukuni na minti 15 zuwa 20. Da yamma kowa ya koma gida da motar da ya zo da ita, in Allah Ya kiyaye.

Filin da ya fi so shi ne Nürburgring, a tsaunukan Eifel da ke yammacin ƙasar. An buɗe shi a 1927, kuma zagayensa na arewa ya kai kilomita 20.8, da kwanoni sama da 70, da hawa da gangara na kimanin mita 300. A nan ne Niki Lauda ya ƙone a haɗarin 1976, kuma tun daga shekarar ba a sake yin gasar Formula 1 a wannan zagaye ba. Mutumin da zai kai motar cefanensa irin wannan wuri dole ya san abin da yake yi. Abin da ya ba ni mamaki, ran da na fara raka shi gareji, shi ne takardar da ya manna a bango ta abubuwan da yake dubawa kafin kowace fita. Birki ne a sama, sai taya, sai mai da ruwa, sai kayan kariya. Inji shi ne na ƙarshe, kuma abin da ya rubuta a gabansa bai wuce a tabbatar ba ya yoyo ba.

Dalilinsa lissafi ne mai sauƙi. Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi, kuma zafin ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba. In ka ninka gudu sau biyu, aikin da birki zai yi ya ninka sau huɗu. Mota mai nauyin kilo 1,300 da ke tafiyar kilomita 200 a sa'a, kafin ta tsaya cik sai birkinta ya shanye zafin da zai iya kai ruwa lita 6 ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi. A titi direba kan yi irin wannan taku sau ɗaya a shekara, ko ma bai yi ba. A filin tsere kuwa kowace kwana sai ya yi makamancinsa, babu hutun da ƙarfe zai huce. Faifan birki kan wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, fatar birki ta gida kuma in ta kai wani mataki sai ta daina kamawa. Don haka ake sa fata mai jure zafi, wasu har su jawo bututun iska daga gaban mota zuwa faifan.

Man birki shi ne maƙiyin ɓoye. Ɗabi'arsa ce ya riƙa tsotsar laima daga iska sannu a hankali, ko da ba a buɗe murfin ba. Nau'in da ake kira DOT 4, wanda yawancin motocin zamani ke amfani da shi, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 in sabo ne, amma in ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ƙa'idar takan sauko zuwa digiri 155. In ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuwa matsuwa take yi, sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa, motar ba ta ko gezau ba. Masu ƙera motoci da dama suna cewa a sauya shi duk shekara biyu. Dattijon nan sai ya juye nasa a farkon kowace bazara, ya kuma zubar da wanda ke kusa da ƙafafu bayan kowace fita. Kuɗin wannan aiki bai kai na salansa ɗaya ba, shi ya sa ba wanda yake alfahari da shi.

Sai taya. Duk ƙarfin inji da duk kaifin birki, ta wurare huɗu suke isa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannu ba. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka ƙera ta, alal misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019, akwai kuma harafin da ke nuna iyakar gudun da za ta ɗauka: H kilomita 210, V 240, W 270. Roba tana tsufa ta bushe ko da zanenta bai cinye ba. A fili iskar taya takan hau in ta ɗauki zafi, don haka za ka ga direbobi suna fitowa suna durƙusawa da ma'auni a hannu, suna rage iska tun tayar na da zafi, da yamma kuma su mayar kafin su hau titi. Haka nan suke bin notunan taya da sifana mai awo, su duba baƙin mai, domin a doguwar kwana mai kan taru gefe guda ya bar famfo yana zuƙar iska, su duba ruwan lagireto, su kwashe duk wani tarkace daga cikin mota. Gorar ruwa ɗaya in ta gangara ƙarƙashin birki ta isa ta jawo makoki. In za su fito sukan yi zagaye ɗaya a hankali don ƙarfe ya huce, kuma ba sa jan birkin hannu a kan faifai mai zafi.

Game da kayan kariya, darasin da na ɗauka shi ne rabin shiri ya fi rashin shiri haɗari. Wanda ya ɗaura ɗamarar tsere mai igiyoyi da yawa ba tare da kejin ƙarfe a bayansa ba, in motar ta kife, ya daskare a zaune rufin ya same shi. Wanda ya sa keji kuma yake yawo cikin gari babu hular kwano, ya ajiye sandunan ƙarfe kusa da ƙoƙon kansa. Kujera da ɗamara da keji da hula tare suke tafiya, ko kuma a bar bel ɗin da kamfani ya sa. Bayan duk wannan, dattijon yakan ce gyaran da ya fi kowanne riba shi ne na wanda ke riƙe da sitiyari. Kuɗin da wani zai zuba a inji, shi malamin tuƙi yake biya ya zauna a gefensa ya nuna masa inda zai sa ido, inda zai taka, inda zai saki.

Akwai kuma gaskiyar da masu sayar da kayan gyara ba su cika faɗa ba, wato duk abin da ka ƙara wa mota don fili, ka rage mata shi a titi. Fatar birkin tsere ba ta kamawa sosai sai ta yi zafi, ga ƙara. Tayar fili ba ta son ruwan sama. Motar da aka dusar aka kuma taurara sifirin ɗinta azaba ce a hanya mai ramuka. Shi ya sa mai fita sau huɗu a shekara yake tsayawa tsaka-tsaki. Hukuma ma ba ta bar shi da son ransa ba. A Jamus ana kai mota bincike duk shekara biyu, kuma babban sauyi irin na sifirin ko salansa ko ƙarfin inji sai ya zo da shaidar amincewa ko masu bincike su duba a shigar da shi takardun mota, in ba haka ba izinin hawa titi na iya faɗuwa. Inshorar gida sau da yawa ba ta ɗaukar abin da ya faru a filin tsere, kuma a Nürburgring in ka daki shingen ƙarfe kai za ka biya kuɗin gyaransa. Mutumin da ya san aljihunsa ne zai amsa, ba sai an roƙe shi ya duba birki ba.

A nan ne fannina ya shigo. Na daɗe ina lura da yadda muke ba da labarin haɗari da Hausa. Cewa muke yi mota ta ƙwace, birki ya ƙi, taya ta yi bindiga, sitiyari ya sare. A kowace jimla ƙarfe ko roba ne mai aikatawa, direba da mai mota kuwa sun ɓace daga nahawun baki ɗaya, sai a rufe da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka nan kalmar gyara, a bakin yawancinmu ba ta tashi sai abu ya lalace. Ba na cewa harshe ne yake kashe mutane, amma yana nuna inda muka ajiye alhaki. Birki ba ya ƙi haka kawai, sai an shekara biyar ba a sauya mansa ba. Alhali kakanninmu sun san ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu mahayin da zai ɗaura ƙaimi bai duba linzami da majayi ba. Hikimar tana nan, ba mu dai ɗauko ta daga kan doki zuwa kan mota ba.

Abin da ke cikin wannan magana rai ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗuran hanya. A nan gida ba mu manta da watan Maris na 2016 ba, lokacin da Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Duk da haka, a garuruwanmu samari na juya motoci a wuraren biki da kan titunan unguwa, 'yan kallo sun yi da'ira babu shinge, yara na kutsawa gaba. Sun kwaikwayi hayaƙin taya da rurin salansa daga bidiyon Turai, sun bar takardar da ke manne a bangon gareji, domin ita ba a ɗaukarta a bidiyo.

Ra'ayina shi ne hani kaɗai ba zai yi magani ba. Son gudu a jinin samari yake, kuma al'ummar da ta ware filin sukuwa a Kano da Katsina da sauran birane ta riga ta yarda cewa gudu yana da muhallinsa. Kamata ya yi gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni su ware fili a bayan gari, a kewaye shi, a nesanta 'yan kallo, a ajiye motar asibiti, a kuma gindaya sharaɗi: ba mai shiga sai an duba birkinsa da shekarun tayarsa, ya sa hula, ya saurari dokoki. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da rawar da za ta taka wajen wannan dubawa. Sannan wanda aka kama yana wasa a titi a hukunta shi ba sani ba sabo, tunda ba shi da sauran uzuri.

Na san wani zai ce ana fama da tsadar abinci, wa ke ta filin wasan 'ya'yan masu kuɗi? Ƙorafin yana da tushe, shi ya sa ban ce a taɓa kuɗin asibiti ko na makaranta ba, masu wasan su biya kuɗin shiga kamar yadda ake yi ko'ina. Sai dai a tuna cewa wanda motar ke bi ta kansa a bakin titi galibi ɗan talaka ne. Bugu da ƙari, makanikin da ya saba juye man birki don ranar fili, shi ne gobe zai duba bas ɗin da za ta ɗauki iyalinka zuwa Gusau.

Shi kuwa ɗan yayata, na ba shi rancen, amma da sharaɗi. Muka tafi gareji tare, aka juye man birkin, ya fito baƙi ƙirin kamar shayin da aka manta a wuta. Na sa shi ya durƙusa ya karanta mini lambobin tayoyinsa da bakinsa. Biyu daga ciki na 2015 ne. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Kawu, da waɗannan na kai Hajiya Zariya.” Kuɗin salansa dai a kan taya suka ƙare, maganar kwamfutar inji kuma na ce ya dawo mini da ita ran da aka samu filin da zai taka motar ba tare da ɗan wani a gabansa ba. Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya kai mu gidajenmu lafiya.